Dutsen da Ban Ajiye Ba

Laraba, 4 ga Yuni

Yau kuma Maman Fasto ta zo mana da sabon salo a taron mata. Matar nan ba ta gajiya da ƙirƙiro abu. Ta sa an ɗebo duwatsu daga tarin da magina suka bari a bayan coci, aka zube a kan tabarma. Ta ce kowace ta ɗauki ɗaya, ta riƙe, ta faɗa wa Ubangiji abin da ke cin ranta, sannan ta je ta ajiye shi a ƙarƙashin gicciye, ta dawo ba komai a hannu. Ina ji ina cewa a raina, to madalla, ku zube, gobe ni mai shara in kwashe. Shekara da shekaru ina share cocin nan, na kwashe takardar alewa, na kwashe takalmin yaro ƙafa ɗaya, yau kuma an kai ga duwatsu.

Na ɗauki nawa. Ƙarami ne, baƙi-baƙi, da wani farin layi a tsakiya kamar jijiya. Ban ma yi tunani ba, sunan 'yata Auta ne ya zo bakina. Cikinta ya shiga wata shida, kuma daidai nan ne na farko da na biyu suka zube. Duka biyun ina tsaye a kanta. Ba zan iya ganin na uku ba, Allah ya sani.

Na bi layi, na je gaba, na durƙusa kamar kowa, na miƙe. Sai da na dawo na zauna a benci na ga dutsen yana hannuna. Ba wanda ya gani. Ban koma ba.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na shiga coci da safe, ba kowa sai ni da tsuntsayen da ke rufi. Maman Fasto ta ce in mayar da duwatsun kan tarinsu na baya.

Abu biyu zan rubuta, kada gobe in ce mafarki na yi.

Na ɗaya, ina kwasa na taɓa wani jan dutse mai faɗi, na ji shi da ɗumi kamar yanzun nan aka sake shi daga hannu. A kan siminti mai sanyi ya kwana, rana kuma ba ta kai wurin ba. Na san mai shi. Na ga Tela, matar nan mai ɗinka rigunan mawaƙa, ta daɗe durƙushe kafin ta ajiye shi.

Na biyu, bokitin nan na san nauyinsa in ya cika da ruwa, da shi nake aiki kullum. Duwatsun ba su kai rabinsa ba, amma sai da na yi ta ajiyewa ina hutawa kafin in kai ƙofa. Har yanzu kafaɗata tana yi min magana.

Da na zagaya baya sai ga kare ya ɗaga ƙafa a kan tarin. Haba! A nan zan zuba hawayen mutane? Na juya da bokitina, na kai ɗakin tsintsiya, na juye a bayan ƙofa na rufe da buhu. Mabuɗin ɗakin a wurina yake ni kaɗai.

Asabar, 7 ga Yuni

Na je wurin Auta. Tana kwance, ƙafa a kan matashi, likita ya hana ta ɗaga ko kofi mai nauyi. Surukina ya ɗauki hutu daga tuƙin motar kaya yana ta kai da kawo, ya ƙona shinkafa, ya ce wai tukunyar ce ba ta da kirki. Yaron kirki ne, sai dai surutu.

Ina shiga ta kalle ni ta ce, "Mama, dubiya kika zo ko makoki? Ki saki fuskar nan mana, kada ki firgita min ɗa." Na ce in ta haife shi lafiya zan yi dariya har a ga ƙarshen haƙorina. Ta kama hannuna ta ɗora a cikin. Ya motsa. Wayyo Allah. Na yi sauri na janye, don ba na so in saba da shi.

Dutsen yana ƙulle a bakin zanina. Duk zaman da na yi ina jin shi a cinyata.

Lahadi, 8 ga Yuni

Jiya da yamma ina wanke kwanuka sai kuka ya zo min haka kawai. Ba na Auta ba ne, na san kukan Auta, a maƙogwaro yake tsaya min. Wannan daga ciki ya taso, kuma bakina yana ta cewa, kada ya koma wurin mutanen nan, kada ya koma. Wa? Ni ba ni da ɗa namiji.

Yau bayan sujada Tela ta ja ni gefe, ta ce, "Yaya, ki sa ni a addu'a. Babban ɗana ya sake bin miyagun mutanen nan, tun makon jiya ba mu gan shi ba. Ban faɗa wa kowa ba."

Sai da na dafa bango. Ta ɗauka tausayinta ne ya kama ni.

Talata, 10 ga Yuni

Na yanke shawara. Tunda kayan mutane sun zo hannuna, ba zan bar su a bayan ƙofa kamar shara ba. Kafin in fara aiki ina shiga ɗakin tsintsiya in rufe, in ɗauki duwatsun ɗaya bayan ɗaya in yi wa kowane addu'a. Wasu na san masu su. Wasu kuma ina ɗauka sai in ji abin ya zo min, wannan ciwo ne, wannan miji ne, wannan kaɗaici ne. Har akwai wani ɗan mitsitsi da ban san na wa ba ne, amma ina taɓa shi numfashina ke ɗaukewa.

Ina fitowa jiƙe da gumi tun ban taɓa tsintsiya ba. To ya zan yi? Wani dai sai ya riƙe musu.

Alhamis, 12 ga Yuni

Bari in rubuta abin da ya same ni yau.

Jiya mata sun sake zube duwatsu, sun ma fi na farko yawa, abin ya karɓu. Na cika bokiti na kama da hannun dama, na taho ta tsakiyar bencuna ina jan ƙafa, jikina ya karkace gefe ɗaya saboda nauyi. Rana tsaka, ƙofofi a buɗe, haske ko'ina. Na kai wajen tsakiyar coci sai nauyin ya tafi.

Ba a hankali ba. Gaba ɗaya. Mariƙin bokitin ya ɗaga ta ɗaya gefen, ya karkato wajena, yadda yake yi in wani da ya fi ka tsawo ya kama maka. Na ji ƙarfen ya motsa a tafina. Har na yi taku biyu ko uku a haka, mu biyu, kafin hankalina ya dawo jikina.

Na saki na zuba a guje. Ƙarar duwatsu a kan siminti ta biyo ni har waje.

Baba Mai Gadi yana zaune a bakin ƙofar shiga yana gyaran rediyonsa. Ya ce, "Lafiya, Mai Shara? Maciji ne?" Na ce wani ne ya kama min bokiti. Ya leƙa ciki, ya dawo, ya ce, "A zamanin nan har akwai mai kama wa mutum kaya ba a roƙe shi ba? In kin sake ganinsa ki turo min shi ya kama min gadi." Yana ta dariya har da tari. Tsohon banza. Amma dai ya shiga ya tsaya min har na tattara. Mariƙin ya lanƙwashe a tsakiya inda ya bugi benci.

Juma'a, 13 ga Yuni

Ba marigayi maigida ba ne. Shi da bai kai kafaɗata ba, kuma da ransa ma bai taɓa kama min ko tsintsiya ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Laifina ne, na sani. Da hantsi zan yi wanki, zanin da dutsen ke ƙulle a ciki har da shi, sai na kwance shi na ɗora a kan taga. Na ce ai minti kaɗan ne. Ban gama matse zani na farko ba waya ta yi ƙara. Surukina ne, ya ce: "Mama, ta ga jini."

Da kumfa a hannuna na rarumi dutsen, na fita ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Kafin in isa asibiti jinin ya tsaya. Likita ya ce ɗan kaɗan ne, a koma gida a kwanta. Kowa na cewa mun gode Allah. Ni ma na ce. Amma ni na san lokacin da na ajiye, na kuma san lokacin da na ɗauka.

Daga yau ba bakin zani, ba aljihu. A tafin hannun hagu zai zauna. Dama ta ishe ni shara.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ban taɓa bokitin ba. A zani na ɗebi duwatsun jiya, kaɗan-kaɗan, ina bi ta gefen bango, ban bi ta tsakiya ba.

Da na ɗaga buhun a ɗakin tsintsiya sai na ga wani abin. Buhun yana yadda na bar shi, ƙofa a kulle na same ta. Amma tsofaffin duwatsun duk sun yi sanyi. Na ɗauki jan nan na Tela, sanyi ƙalau, ba nauyi, dutse kawai irin wanda ake jifar akuya da shi. Na ɗauki ɗan mitsitsin nan mai ɗauke min numfashi, na matse, na jira. Shiru. Na bi su duka. Kamar tulun da aka juye ruwansa aka mayar da shi wurinsa.

Wani ya riga ni shiga. Wani da ba ya bukatar mabuɗi.

Na tsorata. Amma zan faɗi gaskiya tunda ba mai karanta wannan sai ni: bayan tsoron, haushi na ji. Kamar an ƙwace min aiki ba a ko yi min sallama ba.

Nawa kaɗai ne da ɗumi a ɗakin. Nawa kaɗai ne da nauyi.

Lahadi, 22 ga Yuni

Tela a sahun gaba tana waƙa har tana tafi, fuska ta washe. Na ce to, yaron ya dawo ke nan. Na tare ta a ƙofa da murnata. Ta ce, "Bai dawo ba, Yaya. Ko labarinsa babu." Na ce to wannan rawar fa? Ta ce, "Ni ma ban sani ba. Ina kuka, ina nemansa, jiya ma na je har tasha. Amma ina cin abinci yanzu, ina barci. Ai na ajiye."

Wace irin uwa ce ɗanta na waje tana barci? Haka na taho ina ta faɗa a raina har gida. Da na iso kuma na zauna a bakin gado na ji ina kishinta kamar in mutu.

Talata, 24 ga Yuni

Gefen dutsen ya yanka min tafi, wurin ya kumbura yana ruwa. Yatsun sun ƙi miƙewa ko da na so. Auta ta gani ta ce, "Mama, me kika dunƙule haka kamar za ki yi dambe?" Na ce sanyin ƙashi ne. Ta ce in kawo ta shafa min man zafi. Na ce ta kwanta ta yi abin da likita ya sa ta.

Ta juya fuska bango ta ce, "Ke kullum kina nan, amma kamar ba kya nan." 

Alhamis, 26 ga Yuni

Ina durƙushe a ɗakin tsintsiya, na ba ƙofa baya, sai na ji akwai mutum tsaye a bakin ƙofar. Ba motsi, ba numfashi, amma na san yana nan, yadda kake sanin an tsaya a bayanka. Ba tsayuwar mai mugunta ba ce, da ita ce da na yi ihu na huta. Tsayuwar mai jira ce. Irin wanda ya miƙo hannu yana jira ka ba shi abu, kuma ba ya sauri, zai iya kaiwa gobe a haka.

Na ƙara matse hannuna har na ji ruwan ciwon ya gangaro. Na ce da ƙarfi, "Ba zan bayar ba." Ni da bakina, a cikin coci.

Can na ji takun takalmi na gaske, ƙwas ƙwas. Maman Fasto ce, ta zo neman duwatsu don magina sun dawo sun kwashe rabin tarin. Ta tsaya tana kallon abin da ke bayan ƙofa. Ta ce, "Yaya, mene ne wannan?" Na faɗa mata. Kare, buhu, addu'ar safe, duka. Ina jira ta yi min wa'azi, sai ta jawo bokitin ta kife ta zauna a kai da fararen kayanta.

Ta ce, "Wa ya ba ki wannan aikin?" Na ce ba kowa. Ta ce, "Ba ke aka ajiye wa ba, Yaya. A gabanki dai aka ajiye." Sai kuma ta yi wata 'yar dariya mara daɗi, ta ce ita ma da ta kawo tsarin, tana ajiyewa ran Laraba, kafin Juma'a ta tarar ta sake ɗauka a zuci, shi ya sa take sa a yi kowane mako, don kanta ne ba don mu ba. Ban taɓa jin matar nan ta yi magana irin ta mutane ba sai yau.

Na ba ta labarin bokitin. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Kin ce an gode?" Na ce gudu na yi. Ta ce ita ma da gudun za ta yi.

Ta kalli hannuna na hagu. Na mayar da shi baya. Ta tashi ta kaɗe rigarta ta fita.

Asabar, 28 ga Yuni

Ubangiji, ba wai ban yarda da kai ba ne. Na yarda. Amma na farko na bar maka, na biyu ma na bar maka. Ka bar ni in riƙe wannan.

Litinin, 30 ga Yuni

Ban ajiye ba. Tun ranar wankin nan ko sau ɗaya ban ajiye ba, da shi nake wanka, da shi nake ci. Amma yau da rana tsaka naƙuda ta zo wa Auta.

Surukina ya ɗauke ta kamar jaririya ya sa a mota, duk surutun nan nasa ya ɗauke. A asibiti suka shige da ita suka bar mu a benci. Na matse dutsen da hannu biyu har na daina jin yatsuna. Ina ta cewa ai ina riƙe, ai ina riƙe, me kuma ake so in yi?

Kafin rana ta faɗi nas ta fito. Mace ce, bakwaini, tana numfashi amma ba da ƙarfinta ba, an sa ta a kwalbar ɗumama jarirai. Auta ta zubar da jini amma an tsayar. Surukina ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro. Na tambayi likita ko za ta rayu. Ya ce, "Mama, muna yin iya ƙoƙarinmu, sauran na Allah ne." Wannan maganar na taɓa jin ta a wannan barandar, na san abin da ya biyo bayanta.

Laraba, 2 ga Yuli

An ce uwa da kaka za su iya shiga ɗakin jarirai su sa hannu ta ɗan ramin kwalbar. Nas ɗin wurin wata doguwa ce mai faɗa. Ta tsayar da ni a bakin famfo ta ce, "Kaka, jaka a nan, zobe a nan, waya a nan. Ki wanke hannu biyu har gwiwar hannu, ki buɗe su in gani. Ko zare ba ya shiga ɗakin nan."

Na ce dama kaɗai zan sa. Ta ce duka biyu ko babu. Na ce to babu.

Ta bayan gilashi na tsaya. Abu ɗan ƙarami, ja, ƙirji na sama yana ƙasa kamar na ɗan tsako, ga wayoyi ko'ina. An turo Auta a keken marasa lafiya, ta shiga, ta fito, ta same ni a inda ta bar ni. Ta ce, "Mama, ba ki taɓa ta ba." Na ce mura nake ji. Ta ce, "Ƙarya ne. Kin riga kin binne ta a ranki, shi ya sa." Ta sa aka tura ta ta wuce, ba ta ko waiwayo ba.

Da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ni da nake riƙe da ran yarinyar nan a hannuna, ni ce na binne ta?

Juma'a, 4 ga Yuli

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Da safe likita ya ce jiya numfashinta ya tsaya sau ɗaya, sun dawo da shi. Ya ce duk mai son ganinta ya gan ta. Na gane abin da yake nufi. Auta tana ciki, na hango ta ta gilashi, kanta a jingine da kwalbar, ita kaɗai.

Na je bakin famfo. Nas ta shiga ciki, barandar ba kowa, hasken rana ya cika wurin. Na buɗe ruwa na tsaya. Na ce wa yatsuna su buɗe, suka ƙi. Da gaske suka ƙi, sun ƙage. Na ja da hannun dama, zafi har ƙwaƙwalwata.

Sai na ji an tsaya a bayana. Mai jiran nan ne, na san tsayuwarsa. Ƙafafuna suka ce gudu, amma ina zan gudu, jikata tana bayan ƙofar nan? Na rufe ido. Na ce, "Ina jin tsoro." Ban ce komai ba bayan wannan, ba wata addu'a mai tsari.

Nauyin ya tafi, kamar ranar bokiti. Kamar an sa tafi a ƙarƙashin hannuna an tallafe. Ban san tsawon da na yi a haka ba. Ƙaramin yatsa ne ya fara sakewa, sauran suka bi. Dutsen ya manne da ciwon, sai da ruwa ya ratsa ya sake shi. Na ɗora shi a gefen famfo kusa da sabulu.

Tafin ya yi fari ya yamutse, ga rami a tsakiya daidai siffarsa. Nas ta fito ta gani ta ce, "Kai, Kaka! Me kika yi wa kanki haka?" Ta wanke, ta sa magani, ta rufe, ta sa min safar hannu, tana ta faɗa. Faɗan ma daɗi ya yi min.

Na sa hannu ta ramin. Hagun na sa, ban san dalili ba. Na taɓa tafin ƙafarta, na taɓa hannunta. Sai ta dunƙule yatsunta a kan nawa. Duka hannun nata bai zagaye yatsana ɗaya ba, amma ta riƙe, da ɗuminta. Na tsaya ina jira numfashin ya ɗauke tunda na saki. Ƙirjin ya yi sama, ya yi ƙasa, ya sake yin sama.

Auta ta jingina kanta a kafaɗata, wadda ke ciwon. Na bar ta.

Da muka fito na wuce famfon. Ban duba gefen sabulun ba.

Lahadi, 6 ga Yuli

Tana nan a kwalba. Likita bai yi alkawarin komai ba. Na yi barci jiya har rana ta fito, na tashi ina jin kunya.

Alhamis, 10 ga Yuli

Na koma aiki, coci ya yi ƙura kamar ba a taɓa share shi ba. Baba Mai Gadi ya ce ya ɗauka mai kama min bokiti ne ya aure ni ya tafi da ni. Na ce ya ji da rediyonsa.

Jaririyar ta fara karɓar nono ta ɗan bututu, jiya kuma ta sake ba su tsoro da rana. Haka muke, yau sama gobe ƙasa. Auta ta ce ba za ta jira ba, za ta sa mata suna wannan makon. Da na so in ce a dakata tukuna a gani, sai na yi shiru. Ɗan Tela ma har yau shiru, na tsaya mun yi addu'a tare a bakin shagonta, a tsaye, hannu a buɗe.

Na kwashe duk abin da ke bayan ƙofar ɗakin tsintsiya na mayar kan tarin magina. Karen yana kwance yana kallona. Na ce da shi bismillarka, duwatsu ne. Na haɗa da na jiya, waɗanda mata suka zube a ƙarƙashin gicciye. Wasu da ɗumi. Ban tsaya sauraronsu ba.

Da bokiti na kwashe, kuma ta tsakiyar bencuna na bi. Gabana yana faɗuwa, ba zan ce ba ya faɗuwa ba. Na riƙe mariƙin ta gefe ɗaya, ɗaya gefen na bar shi a sake. Ba wani abu ba ne, ƙarfen ne ya lanƙwashe a tsakiya tun ranar nan, ba ya riƙuwa da daɗi.

Da na kai ƙofa na ce an gode. A hankali na faɗa, kada Baba Mai Gadi ya ji.